Manyeton Delu a Biron Rijiyoyi

Tun da mutanen Tawa sun ƙi barin maganar nan ta kwanta, har masu ɗora albasa a tasha suna ba da ita da ƙari, gara a ji ta daga bakin mai ita. Sunana Ɗangana. Shekara goma sha ɗaya na yi riƙe da rajistar wasiƙu a wani biro, wato ofishi, mai kula da rijiyoyi da famfunan karkara, kuma duk wanda ya taɓa ganin rubutun hannuna ya san ba kullum ake haihuwar irina ba. In kun je biron yau ba ku tarar da ni ba, kada ku saurari Sabo. Abin da ya faru shi ne, na kawo wa garin ci gaba tun garin bai shirya ba.

Shekarar tamanin da huɗu ce, da damina ta ƙi. Zamanin soja ne, ma'aikaci kan fito daga gida da gudu, lomar ƙosai a baki, don kada bakwai da rabi ta yi masa a waje. A shekarar aka aiko mana sabon darekta daga Yamai, yaro ne, wuyansa bai cika kwalar rigarsa ba. Mu biyar ya tarar: ni, da Ramatu mai buga tafireta, da Sabo bakaniken famfo, da Alƙasum direba, da Attaher mai gadi, wani dogon Buzu wanda a gaskiya dafa shayi ne aikinsa.

Kwana uku da zuwansa ya tara mu. Ya ce mutumin da ke kula da tashar famfo ta can arewa da Takanamat ya kwashi iyalinsa ya yi kudu, injin na kashe, makiyaya sun koma jan ruwa da guga a wata tsohuwar rijiya mai gaba arba'in. Yamai ta ce a tura mutum ɗaya daga biron nan kafin ƙarshen wata.

"Aikin ba wuya," in ji shi. "A zuba mai, a tada inji, a kashe inji. Wanda biro ya fi iya jure rashinsa, shi zai tafi."

Ramatu ta ce ai ita mace ce. Ya ce takardar ba ta ce namiji ba.

Sai na ga duk sun juyo suna kallona. Da farko na ɗauka girmamawa ce, tunda ni ne babba. Daga baya na tuna akwai awa biyu, daga ƙarfe goma zuwa sha biyu, da nakan keɓe kaina bayan babban kabad, kan wata tabarma, ina nazarin al'amuran biro ido rufe. Mai hassada zai iya ba wannan wani suna. Ni kuwa na san tashar nan: ba inuwa, ba kasuwa, ba mai tsire. Na ce a raina, Ɗangana, ba da kai za a yi tafiyar nan ba.

Da la'asar na shiga wurin darekta, na ja ƙofa.

"Mushe Darekta, kai baƙo na, ba ka san mutanen ga ba. In ka tambaye su wa ke aiki, kowa abokin shan shayinai za shi hwaɗi. Amma ina da shaida wanda ba shi da uwa ba shi da uba cikin garin ga. Ba shi cin goro, ba shi jin kunyar kowa."

"Wane ne?"

"Manyeto. Abin nan mai ɗaukar magana a kaset. A aje shi cikin biro, shi ɗauke duk motsin da anka yi. Ni in saurara, in rubuta maka rahoto. Ran Asabar ta ƙarshen wata a kunna gaban kowa. Wanda ba a ji aikinai ba, shi hau mota."

Ya daɗe yana kallona. "Ko a Turai ban ji ana yin haka ba."

"Za su zo su koya," na ce.

Abu ɗaya ne ban faɗa masa ba: manyeton ba nawa ba ne, na matata Delu ne. Ƙanenta Yunusu ya aiko mata da shi daga Abijan, inda rabin samarin Adar suke ci-rani. A unguwarmu an daina rubuta wa 'yan Abijan wasiƙa. Mata kan taru a tsakar gidanmu, kowacce ta yi wa ɗanta ko mijinta magana a kaset, a ba mai tafiya ya kai, su ma su aiko da nasu. Don haka Delu lulluɓe shi take yi da zane kamar jariri.

Washegari da safe ta kama ni a zaure, na saɓo shi cikin kwando.

"Malam, ina za ka da shi?"

"Aikin gwamnati."

"Gwamnati ba ta da nata?"

"Nata na Yamai. Wanga aro na."

"To. In gwamnati ta ɓata man shi, gwamnati za ta nemi mai dahwa mata tuwo."

Na ɗora kwandon bisa kabad, na rufe shi da tawul, na danna. Niyyata kada kowa ya sani sai ƙarshen wata. Asirin ya yi minti arba'in da biyar. Ƙarfe takwas da kwata gefen kaset ya ƙare, abin ya yi wani tak! mai ƙarfi.

Attaher ya ɗaga kai daga butar shayi. "Ɗangana, kwandonka ya yi tari."

Tunda an riga an ji, na hau kujera na yi musu bayani. Mai ƙirƙira ba ya ɓoye ƙirƙirarsa. Na nuna musu jan maɓalli, na nuna musu ramukan da magana ke shiga. Na ce daga yau babu mai cewa an zalunce shi, na'ura ce za ta yi hukunci.

Sabo ya ce, "Kai wa ke sauraronka?"

"Ni ke saurare," na ce. "Mai saurare ba a sauraronai."

Ranar nan biro ya yi tsit kamar masallaci bayan an shafa fatiha. Ba mai gaisuwa, ba mai tari. Alƙasum atishawa ta zo masa, ya fita har bakin titi ya yi ta. Da na saurari kaset ɗin da rana, ba abin da ke ciki sai ƙarar shayin Attaher yana sauka daga buta zuwa kofi, da kukan cikin wani da ban gane ko wane ne ba. Na kai rahoto. Darekta ya ce to me wannan ke nufi? Na ce ba wuya. Na ɗauki alƙalami na rubuta doka da kyakkyawan hannuna, na manna a ƙofa: WANDA BA A JI SHI BA, BAI YI AIKI BA.

Har gobe ina cewa dokar ba ta da aibu. Mutanen ne suka ɗauke ta da zafi.

Ramatu takan gama wasiƙun yini kafin ƙarfe tara, don hannunta da sauri. Yanzu in ta gama sai ta sake buga su. Da takarda ta ƙare, ta ci gaba da buga tafiretar haka nan ba takarda. Ta daina shan ruwa don kada ta tashi zagayawa a ji shiru daga kujerarta. Kafin mako ya ƙare ta ɗaure goshi da kallabi biyu, idanunta sun faɗa.

Sabo kuwa aikinsa na shiru ne. Zama yake yi da ɗan tsinke da tsumma yana wanke ƙananan kayan inji, ko yana yanka fata daidai bakin famfo. Da ya karanta dokar, ya tura kayan famfon garuruwa uku ƙarƙashin benci, ya jawo wani tsohon bututun ƙarfe gindin taga, ya samo guduma. Tun safe yake bugu. In ya yi goma sai ya leƙo ya yi wa kwando ihu: "Sabo na! Gyara nika yi!"

Alƙasum ya lura in ya tafi ƙauye kwando ba zai ji shi ba. Sai ya kawo motar biro ɗaya tagar, ya tada ta, ya taka totur. "Na tahi Bambeye!" Bayan rabin awa ya yi oda. "Na dawo! Hanya ba kyau!" Motar ba ta motsa taku ɗaya ba.

Attaher ya fi ba ni tausayi. Gadi ba shi da ƙara. Ya daina shayi, tunda shayi ne ya fara tona shi, ya koma tsayawa a bakin ƙofa yana daka wa duk abin da ya gitta tsawa: "Wa ke nan?" Ya yi wa darekta. Ya yi wa akuyar maƙwabta. Ya yi mini sau huɗu a yini ɗaya, ni da muka shekara goma muna shan kofi ɗaya. Rashin shayin kuma ya saukar wa kowa da ciwon kai, har da ni.

A kwana na huɗu ne, ina saurare, na gane wani abu da ya tsinka mini zuciya. Ana jin kowa, ban da ni. Alƙalami ba ya ƙara. Kuma ran Asabar gaban kowa za a kunna. Na duba teburina, idona ya faɗa kan hatimin biro. Daga ranar na shiga buga hatimi. Na buga wa wasiƙu, na buga wa ambulan, na buga wa tsofaffin jaridu. Da suka ƙare na koma kalandar bango. Hannu in ya saba ba ya tambaya: duk abin da aka ajiye gabana, dam! Wata rana Alƙasum ya ajiye burodinsa bisa teburina, ya ci shi da sunan biro a jiki.

Ga kuma abin da ban hango ba. Kaset minti arba'in da biyar yake so a juya shi, saboda haka nazarina na bayan kabad ya mutu. Aikin awa takwas kuma, sauraronsa ma awa takwas ne. Hutun rana da kowa ke miƙe ƙafa, ni ina zaune a zaure, kunne manne da manyeto, ina jin gudumar Sabo karo na biyu. Na rame. Delu ta ce wandona ya fara neman wani mai shi. Sai na yi dabara: wani lokaci ba na kunnawa, wani lokaci ma kwandon ba komai ciki. Ban faɗa wa kowa ba. Abin mamaki, sun fi ƙoƙari a ranakun da ba su tabbata ba.

Mako na biyu maƙerin da ke tsallaken titi ya shigo, ya tsaya tsakiyar biro, hannu a ƙugu.

"Wane na babba nan?"

Na ce ni ne, a wani fannin.

"In ƙira kunka koma, ku hwaɗa man. Tun kakana muke bugun ƙarhe a layin ga. Jiya mutum biyu sunka kawo gatari, sunka wuce ni sunka shigo nan."

Na ce aikin gwamnati muke yi.

Ya leƙa ta taga ya dubi Sabo. "Shi wancan mi shika ƙerawa?"

"Ba shi ƙera komi."

"Ai na gani. Ko bugun bai iya ba."

Mutanen ƙauye da suka zo maganar famfunansu sukan tsaya a ƙofa, Attaher ya daka musu tsawa, su yi magana ba mai jinsu, su juya. Wannan ma na sa shi a rahoto, na ce ƙorafi ya ragu.

Ran Laraba ta makon ƙarshe, Sabo ya ɗaga guduma sai ya zauna a ƙasa. Ya ce biro na juyawa. Aka kai shi likita a ƙafa, tunda Alƙasum ya ce yana kan hanyar Bambeye. Likita ya auna shi ya ce jininsa ya hau, ya kwanta mako guda. Da la'asar sai ga shi ya dawo da takardar magani, ya kai ta saitin kwando yana kaɗawa.

"Ba shi gani, Sabo," in ji Ramatu, ba ta daina bugu ba. "Ji kawai shika yi."

"To likitan shi zo shi hwaɗa da bakinai!"

Ya koma gindin taga ya ɗauki gudumarsa. Ni dai na ci gaba da buga hatimina. Amma kaset ɗin safiyar nan, wanda babu ƙarar bututu a cikinsa ko sau ɗaya, na cire shi na sa a aljihu. Ba mugunta ba ce. Sabo bakanike ne, tashar famfo ta dace da shi.

Ran Alhamis da hantsi Attaher ya yi "Wa ke nan?" sai muka ji an amsa masa, "Uwarka ta." Tani ce, wata tsohuwa ta unguwarmu, da mata goma sha biyu a bayanta, da goyo da tabarmi. Akwai mai tafiya Abijan ran Juma'a, kuma mako uku ke nan ba wadda ta aika wa nata magana. Suka shimfiɗa tabarmi tsakanin tebura. Tani ta daidaita zama gaban kabad, ta ɗaga kai ta fuskanci kwando.

"Magaji, uwarka ta. Muna lahiya. Gero bai yi ba, akuya biyu sun mutu, ta ukku na tunani. Kar ka ji ƙarar ga ka tsorata, ma'aikatan gwamnati na sunka haukace." Ta juya wajen taga. "Kai mai guduma, dakata in gaida ɗana."

"Ba ni iyawa, Inna," in ji Sabo, kamar zai yi kuka. "In na tsaya daji za a kai ni."

Darekta ya fito daga ofishinsa da auduga a kunne. Ya dubi matan, ya dube ni. Na ce masa jama'a ce ta zo ganin ci gaba. Tani ta ce ƙarya ne, manyeton Delu suka biyo. Ya matso kunnena ya ce in ɗauki abin nan in kai gida yau ɗaya, mata su yi saƙonsu, ran Asabar a gama wannan magana kowa ya huta. Na zare manyeton a ɓoye cikin babbar rigata, na bar kwandon a rufe. Har muka sha kwana muna jin biron yana ta aiki.

A gida na ce ni ne maigida, ni zan fara, kuma maganar maza ce, mata su jira a waje. Na shige ɗaki na ja labule. Ku fahimce ni. Mako uku ina sauraron mutane, ba wanda ya saurare ni. Ga Yunusu, yaro mai ganin girmana, yana can nesa inda magana ba za ta dawo ba. Na buɗe baki. Da na rufe shi gefe ɗaya ya cika. Matan goma sha uku suka raba ɗaya gefen, suna zagina.

Da aka gama Delu ta ajiye kaset ɗin bisa akwati, kusa da na ran Laraba wanda na fitar daga aljihu. Hatimin biro kuwa yana aljihuna, don na daina rabuwa da shi. Na tuna na buga wa na Laraba don in shaida shi. Ban tuna na buga wa ɗayan ba. Ran Juma'a mai tafiya ya zo, Delu ta ba shi ɗaya. Ran Asabar ta miƙo mini ɗaya.

Safiyar Asabar na sa farar rigata mai aiki a wuya, da sabon pil huɗu, wato batir, a manyeto. Darekta ya so a yi abin a ofishinsa, mu shida. Na ce a'a, shari'ar gaskiya a fili ake yin ta. Aka fito da tebur gindin dogon yaro. Maƙeri ya rufe maƙerarsa ya zo. Tani da matanta suka zo. Ga kuma wasu makiyaya huɗu da suka sauko daga arewa a kan raƙuma, da wani dattijo mai farin rawani a gabansu, sun zo jin yaushe za a tada musu inji. Darekta ya ce su zauna, yanzu za su ga mutuminsu.

Na miƙe na yi jawabi. Na ce wannan na'ura ba ta da dangi. Na ce ba ta ƙari, ba ta ragi. Na ce duk abin da ya fito daga bakinta, ni Ɗangana na sa hannu tun kafin a ji. Don kada wani ya ji asirinsa na tonuwa ya kai hannu, na roƙi darekta ya sa Attaher ya tsaya kan manyeton da sandarsa, kada ɗan Adam ya taɓa shi sai gefen ya ƙare.

"Ko wane ne?" in ji Attaher.

"Ko ubanka na," na ce.

Na ɗan dubi Sabo da tausayi, na murɗa ƙara har ƙarshe, na danna, na koma kujera na harɗe ƙafa.

Aka ji gyaran murya. Murya ce mai daɗi, ta mutum mai ilimi.

"Salamu alaikum Yunusu. Mijin yayarka na, Ɗangana, wanda biron rijiyoyi ke tsaye bisa wuyanai."

Ban san lokacin da na isa teburin ba. Sandar Attaher ta riga ni.

"Wa ke nan?" in ji shi, a hankali, karo na farko cikin mako uku.

"Attaher, kuskure na. Ba shi ba na."

"Malam Ɗangana," in ji darekta, "ka sa hannu tun kafin a ji. Zauna."

Na zauna. Manyeto ya ci gaba, da sabon pil.

"Ka tambayi lahiyata. Ba ta kai ta da ba, don sati ukku ke nan ban yi barcin hantsi ba. Ka san shekara sha ɗaya ina da tabarma bayan kabad. Dubarar ita ta: ka bar hula da tabarau bisa tebur, ka buɗe rajista, ka gitta alƙalami a tsakiya. Duk wanda yaz zo shi ce yanzun ga Malam yat tashi. Darekta ukku sunka zo sunka tahi, hular ga sunka yi ta gaisuwa da ita."

Maƙeri ya ce, "Allahu akbar."

"Wanga na yanzu kuwa yaro na. Abin da nic ce shi shika yi. Shekaranjiya nis saka mai takardar da anka ƙunso man tsire cikin wasiƙu, yas sa hannu."

Kowa ya juya wajen darekta. Bai ɗaga kai ba. "Na tuna ta," in ji shi. "Mai maiƙo."

Daga nesa cikin kaset aka ji muryar Delu: "Malam, ka rage, mata na jira."

"Bari in ƙare, tarihi nika yi. To Yunusu, Sabo za ni turawa daji. Na aje kaset na ran Laraba, ran da anka kai shi likita, ba a jin gudumatai ko sau guda. Sauran kuwa, rabin lokaci kwandon wohi suka yi ma ihu. Da ka ga Ramatu tana buga mashin ba takarda, da ka yi dariya har ka hwaɗi."

A nan ne na lura da wani abu: tsakar biron ta yi shiru, ba guduma, ba oda, ba tafireta. Ramatu ta kwance kallabi ɗaya daga goshinta, ta ninke shi a cinya, ta kwance na biyu. Sabo ya dubi tafin hannunsa da ya yi kanta, ya dube ni. Ban san ina da magana mai yawa haka ba. Na yi bayanin yadda ake gane takun darekta daga bayan kabad. Na kwaikwayi tafiyar Alƙasum da baki. Na faɗi ra'ayina game da hancin maƙeri. A ƙarshe na roƙi Yunusu ya aiko mini da pil, da kaset, da wata hular don tsohuwar ta koɗe. Sannan abin ya yi tak!

Tani ce ta fara magana. "Wato saƙonmu na nan bayan wanga shirme? Magaji bai ji ni ba?"

Na ce za a bincika.

"To mi anka kai Abijan?"

Darekta ya miƙe, ya gyara kwalarsa, ya juya wajen makiyayan. "Baba, ga mutuminku."

Dattijon ya taso, ya zagaya ni sau ɗaya kamar mai duba ɗan maraƙi a kasuwa. "Barcinai na da nauyi?"

"Ƙwarai," in ji su Sabo, baki ɗaya.

"Ba komi. Muna da jakkai masu kuka."

Na ce aƙalla a kai ni a motar biro, kamar yadda ya dace da ma'aikaci mai shekara goma sha ɗaya. Alƙasum ya ce da so samu ne, amma man wata guda ya ƙare a hanyar Bambeye. A bayan raƙumin dattijon na bar Tawa, da farar rigata, ina riƙe da ƙugunsa. Da muka bi ta gaban biro na hango Attaher ya hura gawayi, su huɗu sun kewaye buta, darekta na biyar.

Na tambayi Delu yadda aka yi. Ta ce duk biyun da hatimina, ita kuwa ba ta yi lakkol ba balle ta karanta, na sama ta ba mai tafiya. Da take faɗa ba ta dube ni ba, tana tankaɗe. Har yanzu ina nazarin wannan amsa.

Bayan wata biyu amsar Abijan ta zo. Yunusu ya ce su talatin suka taru a ɗaki ɗaya, 'yan Adar, don su ji muryar gida. Suka zauna awa ɗaya da rabi suna jin ƙarar mota, da wani abu kamar harbi, da wani dam! dam!, da mutum yana ihun "Wa ke nan?" Magaji ɗan Tani ya fara haɗa kaya, ya ce yaƙi ya ci Tawa. Yunusu ya aiko wa Delu da sabon manyeto, ya ce kada a ƙara bari in taɓa. Tsohon ta aiko mini da shi nan tasha, da kaset ɗaya, ta ce in riƙa yi wa kaina magana tunda na iya.

Yanzu ina nan. Na ce muku ba inuwa, kuma ban yi ƙarya ba. Tun hantsi bai yi ba shanu ɗari uku da raƙuma da masu su suke tsaye suna kallon ƙofata. In inji ya yi shiru na minti ɗaya, har wanda ke bayan tudu ya sani. Jinina ma ya hau, amma nan ba likitan da zai rubuta.

Sai dai mai basira ba ya rasa hanya. Makon jiya na ɗauki ƙarar injin a kaset, gefe biyu cif. Da ƙarfe goma ta yi na kashe inji, na ɗora manyeto a taga, na murɗa ƙara, na shimfiɗa tabarma. Kuma ina so a rubuta wannan: ya yi aiki. Makiyayan suna can zaune ƙarƙashin raƙumansu, ba wanda ya motsa. Mutum goma sha tara na ruɗa da pil huɗu.

Shanun ne suka ɓata abin. Na'ura tana ta aiki a gabansu, ƙara kamar ta tsaga taga, su ko kunne ba su karkaɗa ba. Suka leƙa komin ruwa, suka ga ba komai, suka taho ƙofata gaba ɗaya. Wata ja mai karyayyen ƙaho ta sa kai ta taga, ta ture manyeton, ta tsaya tana kallona a kan tabarma.

Na rubuta wa darekta rahoto a kanta.